Dala Dubu Huɗun Lavada

Shekara talatin da ɗaya Orvel Sizemore ya yi yana haƙar kwal a gabashin Kentucky. Sau biyu rami na rufta masa, sau biyu yana fitowa da ƙafarsa. Irinmu ke nan: ba mu yi boko ba, amma dutse ya san mu. To, abin da dutse ya kasa takardun asibiti suka yi. Jinyar matarsa ta wata goma sha huɗu ta bar masa bashin dala dubu casa'in, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Lauyarsa, wata 'yar siririya mai suna Tackett, ta ce in ya kai kansa kotu ya faɗa cewa ya karye, za a yafe masa na asibiti da na katin bashi. Harajin filinsa na bara ne kawai ba ya yafuwa.

"Baba, akwai wanda ka biya kwanan nan?"

"Rubuta abin da za ki rubuta, yarinya."

Alhali wata biyu kafin nan ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi, ya kai wa ƙanwarsa Lavada dala dubu huɗun da ta ranta masa don jana'iza. Maganar gida ce. Ina ruwan lauya?

Ranar zama Lavada ce ta tuƙo shi, ta tsaya a mota. A ciki ya tarar da Hensley, wakilin kotu, wanda aikinsa shi ne ya tattara abin da ya rage wa mutum ya raba wa masu bin sa. Aka rantsar da Orvel. Hensley ko ɗaga kai bai yi ba.

"A cikin shekarar nan ka biya wani ɗan'uwanka bashi?"

Tackett ta buɗe baki, amma Orvel ya riga ya gyara zama.

"Ƙwarai kuwa! Dubu huɗu cur, hannu da hannu. Ka tambaya duk kwarin nan, ba a taɓa jin Sizemore ya ci kuɗin jininsa ba."

Sai a lokacin Hensley ya ɗago. Tackett ta dafe goshi.

Hensley ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta yarda mutum ya zaɓi nasa ya biya, ya bar saura ba. Zan rubuta wa ƙanwar taka ta dawo da kuɗin a raba."

"A raba wa su wa?"

"Asibiti ne kan gaba."

"Asibitin da ya sayar mini da ƙwayar ciwon kai ɗaya kuɗin buhun masara? Shi zai ci kuɗin gwauruwa?"

"In ta ƙi, kotu zan kai ta."

Orvel ya san inda kuɗin suke. Suna kan rufin gidan Lavada, sun zama sabon kwano. Mace mai shekara saba'in, wadda ko takardar wuta ta zo sai ta yi ta jujjuya ta kafin ta buɗe. Tari ya taso masa, irin na masu ƙurar kwal a huhu, ya danne shi da ƙarfi don kada yaron nan ya gani.

"Kai, saurayi. Kuɗin Lavada kake so, ko dala dubu huɗu?"

Hensley ya ce, "Ni dai dubu huɗu ta shigo. Ko daga ina."

"To daga nan za ta fito." Ya bugi ƙirjinsa.

Tackett ta ja hannun rigarsa. "Baba, fanshonka doka ta kare shi, ba mai iya taɓawa. In ka yi haka, ka biya sau biyu ke nan."

"Na iya lissafi tun uwarki tana goyo. Ɗari biyu duk wata, wata ashirin. Zarto na nan, itace bai ƙare a dutse ba."

"Da wannan huhun?"

"Huhunki ne?"

Hensley ya ce ashirin ya yi yawa. Aka ja, aka ja, aka tsaya a goma sha shida. Orvel ya karɓi biro, ya zana sunansa harafi bayan harafi, ya ɗauki lokacinsa.

"Kuma ka ji da kyau: in wasiƙarka ta kuskura ta je ƙofar ƙanwata, ni da kai ne."

Ya fito ya sami Lavada tana cin gyaɗa, ta ƙure rediyo.

"Yaya, ya aka ƙare? Sun wanke ka?"

"Tas. Har haƙuri suka ba ni."

"Maƙaryacin tsoho! To me ya sa lauyarka ta fito kamar an mare ta?"

"Yunwa take ji. Ja mota, ki tsaya mini wajen mai wasa zarto."