Rigar da Ta Matse ta Hagu

Sau uku na farke rigar nan. Ni da na shekara goma sha ɗaya a kan keken ɗinki, da ido kawai nake faɗa wa mace awon ƙirjinta tun tef bai taɓa ta ba, sai ga rigata ta kaina tana matse ni ta hagu. Na zagi yadin, na ce wanki ne ya tsuke shi. Na zagi keken. Na saki ɗinkin rabin inci, ta zauna daram, na ce ai ga shi nan. Bayan wata biyu na sake saki. Wata bakwai ina gyaran rigunana, ko sau ɗaya ban ce bari in duba abin da ke cikin rigar ba. Tela ce ni, a wurina in kaya bai zauna ba laifin ɗinki ne.

Maigidana ne ya tsaya kai da fata, ranar da ya ga ina cije leɓe wajen ɗaga hannu. Ya taɓa wurin, ya ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Ya ce, "Wannan fa ba ɗinki ba ne. Gobe asibiti."

Aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Bayan mako biyu muka koma. Likitar ta juya takarda, ta dube ni, ta ce, "Sankarar mama ce."

Wallahi ban ji tsoro a lokacin ba, ban ma ji komai ba. Idona yana kan maɓallin farar rigarta na uku, wanda wani maras imani ya ɗinka da baƙin zare.

"Likita, shekarata ashirin da tara fa. Ki sake duba sunan."

"Na duba, 'yar'uwa. Tun yaushe kika fara jin canji?"

"Inci ɗaya da rabi," na ce.

Ta dubi maigidana, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ta yi bayanin tiyata da ƙarin ruwan magani, ina jin ta kamar rediyon maƙwabta. Har mun miƙe ta ce, "Kina da 'yan'uwa mata?"

"Ƙanwa ɗaya."

"Ki faɗa mata ta zo a duba ta. Irin wadda ke zuwa da ƙuruciya haka, wani lokaci tana bin jini. Kar ki ja lokaci."

Na ce to. Kuma ban faɗa ba.

Dalili kam ina da shi buhu-buhu. Mama, mahaifiyarmu, tana fama da hawan jini, ƙarar faɗuwar murfin tukunya ma sai ta dafe ƙirji. Auta kuwa, ƙanwar tawa, bakinta ba shi da zif, abin da ta ji da safe kafin azahar ya isa kunnen Mama. Amma gaskiyar magana, wanzami ne ba ya son jarfa. Na san yadda idon mutane zai riƙa sauka a ƙirjina kafin ya hau fuskata, ni da sana'ata ke nan kallon ƙirjin wasu. Ba na so.

Kuma wa ya kai tela iya ɓoyo? Da za a yi tiyata na ce musu na tafi saro yadi. Na dawo babu nonon hagu. Ranar da aka cire bandeji na tsaya gaban madubin shago, na ga layin ɗinki tun daga hammata har tsakiyar ƙirji, na daɗe a tsaye bakina a buɗe kafin kuka ya zo. Da na share hawaye na ɗauko soson da muke sa wa kafaɗar riga, na yanka, na lulluɓe shi da yadi mai laushi, na yi masa aljihu a cikin kowace rigata. Aiki ya yi kyau, ko ni sai na lura.

Sau shida aka yi min ƙarin ruwan nan. Gashi ya zube a kan matashi, na ɗaure ɗankwali har gira. Amai da rama na ɗora wa gyambon ciki. Auta har tsiya take min: "Yaya, ki ba ni sirrin ramar nan mana, ni ko ruwa na sha sai ya zama tumbi." Maigidana ya yi ta roƙo, "Ko ita kaɗai ki faɗa wa. Likita fa ta ce." Ni kuma kullum, "Bari in ji ƙarfi." Haka aka yi wata goma.

Ranar wata Talata da la'asar ina shago ina yankan hannun riga, Auta ta shigo daga makarantar da take koyarwa, alli har a goshinta. Ta zaro riga daga leda ta wurga min a tebur.

"Yaya, hannunki ya fara tsufa. Rigar nan da kika ɗinka min bara ta matse ni. Kuma abin haushi, ta hagu kawai."

Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Na ji faɗuwarsa a siminti kamar daga wani gida.

"Ta ina kika ce?"

"Ta hagu. Na ma kai wa telan layinmu ya saki min sau ɗaya, don na ga ba ki da lafiya, kar in dame ki. To ga shi ta sake."

Na juya cikin rigar. Ga ramukan tsohon ɗinkina a jere, ga sabon zaren telan can a gefe. Ba sai na ɗauko tef ba. Rabin inci ne cif.

Ana cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni kuwa na rufe tawa wutar da soso da yadi mai laushi, don kar ƙanwata ta ga ko hayaƙi.

Na tashi, na sa wa ƙofa sakata. Na zare ɗankwalina. Auta ta buɗe baki za ta yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Na sa hannu cikin rigata, na fito da soson, na ajiye shi a tebur kusa da rigarta.

"Yaya... mene ne wannan? Innalillahi. Yaya!"

"Wata nawa da ta fara matse ki?"

Ta kasa ɗauke ido daga soson. "Biyar. Ko shida."

Na cire biyar daga goma a raina: wata biyar ke nan ina riƙe da saƙon likita kafin tata rigar ta fara matsewa.

"Ɗauki jakarki, Auta. Asibiti za mu. A hanya ki zage ni son ranki."

Ta miƙe kamar wadda aka tasa daga barci, hannunta na dama ya tafi da kansa ƙarƙashin hammatarta. Ta waiwayi tebur.

"To rigar fa?"

"Bar ta nan," na ce. "Ba abin da ya samu rigar."