Tarin Malam a Cikin Waya

Tun da Idrisa ya daina zuwa cin rani Kano, ya buɗe ɗan shagon gyaran waya kusa da tashar Matameye, mutane suka laƙaba masa injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Gaskiya yana da hannu. Wayar da ta faɗa randa, wadda yara suka fasa wa fuska, wadda ta ƙi kama rezo, wato sabis, duk in an kawo masa sai ta tashi. Illarsa ɗaya, ba a tambayarsa abu ya ce bai iya ba.

Surukinsa shi ne Malam Abdurrazak, mai tafsiri a masallacin unguwarsu duk watan azumi. A zaurensa Idrisa ya yi karatu tun yana yawo ba wando, kuma da ya girma ya nemi 'yarsa Zulaiha, Malam bai ja masa rai ba. Tun daga ranar ɗaurin aure bai sake kiransa Idi kawai ba, sai Malam Idi. Idrisa kuwa in ya hango shi tafe, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. A duk garin nan babu wanda yake son ya gan shi da mutunci kamar wannan tsohon.

Ana saura kaɗan a ga wata sai Yunus, wan Zulaiha da ke sayar da albasa a Legas, ya bugo waya. Ya ce rabin mazan unguwa suna Legas da Fatakwal da Kano, azumi zai same su a can, kuma abin da suka fi kewa shi ne tafsirin Malam. Bara an riƙa turo musu guntu-guntu, wani ya zo wani ya ɓata, waya ta cika.

"Ai wannan abu mai sauƙi ne," in ji Idrisa. "Aplikasiyo zan yi muku na waya, da hoton Malam a gaba. Mutum ya taɓa, ya ga karatun ranar."

Bai taɓa yin aplikasiyo ba a rayuwarsa, amma bakinsa ya riga ya faɗa.

Sai da aka sha fama kafin Malam ya yarda. Ya ce shi ba ɗan fim ba ne da za a riƙa ɗaukarsa. Da Yunus ya matsa ta waya, sai Malam ya ce, "To, tunda a hannun Malam Idi abin yake, na yarda. Ba zai kai ni inda zan ji kunya ba."

Idrisa ya ji daɗin wannan magana har kansa ya kumbura. Ya jawo tsohon ordinatarsa, wato kwamfuta, ya sayi forfe na shiga intanet, ya shiga bin bayanan masu koyarwa da ɗan faransancin da ya tsira da shi daga lakwal, makarantar boko. Dabarar ita ce a ɗora bidiyon a babban shafin nan na intanet da kowa ke ɗora nasa, sannan a buɗe wata 'yar taga a cikin aplikasiyon, bidiyon ya leƙo ta nan. Ya buɗe sabon asusu da sunan tafsirin, ya ɗora ɗan gajeren gwaji, ya haɗa tagar. Ya taɓa. Baƙi ƙirin, kamar bayan tukunya. Ya fita ya buɗe bidiyon a shafinsa, ga shi yana tafiya sumul. Ya koma aplikasiyo, baƙi.

Kwanaki ya yi a kan wannan baƙin akwati. Masu kawo gyara suka fara ƙorafi, Zulaiha ta kawo abinci ya huce a kan tebur.

"Baban Baiwa, in abin ya gagara ka gaya wa Yaya Yunus mana," in ji ta. "Ba sata ka yi ba."

"Wa ya ce miki ya gagara?"

A ƙarshe ya gano ashe wani izini ne ɗaya bai kunna wa tagar ba, layi guda tak. Yana kunnawa hoto ya bayyana. Ya tashi ya zagaya shagon, ya dawo ya zauna ya kalli gwajin har ƙarshe, nan kuma murnarsa ta koma ciki. Bidiyon na ƙarewa sai tagar ta cika da hotunan wasu bidiyoyin da shafin ya zaɓo da kansa: 'yan dambe, masu waƙa, da wasu mata suna rawa ba ko ɗankwali. A ƙarƙashin hoton Malam, cikin azumi. Ya sake komawa wurin masu bayani, ya samu wani ya ce a liƙa wasu 'yan haruffa da sifili a wutsiyar adireshin bidiyon, bidiyon wasu mutane ba zai sake fitowa ba. Ya liƙa, ya gwada, tsaf. Akwai sauran bayani a ƙasa, amma Idrisa ba mai karanta sauran bayani ba ne. Da ya karanta, da ya ga an ce bidiyoyin wasu mutane ne kawai ke tafiya, na asusun da ya ɗora abin su ne za su maye gurbinsu. Sabon asusun kuwa babu komai a ciki sai gwajin, shi ya sa ya ga wuri fes.

Aka ga wata. Ranar farko bayan la'asar ya kafa waya a kan sanda a gaban Malam, ya ɗauki karatun tun daga jan baƙi har addu'a. Da ya zo ɗorawa sai sabon asusun ya ƙi karɓa, wai bidiyon ya yi tsawo, sai an tantance shi tukuna. Ga Yunus yana ta turo saƙo, mutane sun ƙagu. Sai Idrisa ya tuna da tsohon asusunsa na Kano, wanda ke karɓar kowane tsawo.

To, a nan matsalar take. Shekarun da yake cin rani, kafin ya yi aure, shi da abokan ɗakinsu sukan yi wasan barkwanci su ɗora. Mafi yawansu shirme ne da babu mai kallo. Guda ɗaya ne ya tashi, wanda Idrisa ya naɗa zanen gado a ka, ya liƙa auduga a haɓa, ya sa tabarau mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare, yana kwaikwayon wani malami. Ba a faɗi suna ba, amma duk ɗan unguwarsu ya san ko wane ne. Malam Abdurrazak yana da wani ɗan tari da yakan yi kafin ya fassara kowace aya, ya gyara murya sau biyu, ya ɗaga yatsa, ya ce, "To jama'a, ku ji fa." Idrisa ya iya wannan tarin fiye da mai shi. Bayan aure ya sha niyyar gogewa, amma in ya ga yawan mutanen da suka kalla sai ya ce gobe. Samarin unguwa sun sani, wasu dattawan ma sun sani, babu dai wanda ya kai wa Malam.

Ya ɗora tafsirin a can, ya haɗa shi da tagar, ya ga ya fara tafiya, ya rufe. Wa ke da forfe na kallon karatun sa'a guda da ya riga ya ji da kunnensa?

Washegari da hantsi ya tafi zauren Malam ya nuna masa. Akwai dattawa biyu zaune, ladan da wani Alhaji maƙwabci. Idrisa ya bar takalmi a waje, ya durƙusa daga gefen tabarma, ya miƙa wayar da hannu biyu. Malam ya karɓa kamar an ba shi jariri, ya gyara tabarau. Da ya ga kansa yana magana a cikin ɗan gilashi sai ya yi murmushi, ya ce ikon Allah, ashe haka ya tsufa.

"Malam Idi, kai mu ƙarshe," in ji shi. "Na sa waɗanda ke tafiya a cikin addu'a. Ina so in ji ko ya kama sunayen garuruwan."

Idrisa ya matso da gwiwa, ya ja layin zuwa ƙarshe, ya koma wurinsa. Aka ji addu'ar tana fita tas, mutanen Legas, mutanen Fatakwal, Allah ya dawo da su lafiya kafin shuka. Dattawa suka amsa da amin. Aka shafa. Sannan tagar ta cika da hotuna.

Daga inda yake durƙushe Idrisa ya hango farin rawani da yatsa a sama. Ya gane nasa ne.

"A'a," in ji Malam, "wannan kuma wane malami ne? Daga ina?"

Ya sa yatsa ya taɓa.

Da a hannun wani wayar take, da Idrisa ya fizge ta ko da za a ce ya haukace. Amma a hannun suruki take. Ba a miƙa hannu a ƙwace abu daga wurin suruki, ba a katse shi, ba a tashi tsaye a kansa. Haka ya zauna gwiwa a ƙasa, yana jin muryar kansa tana fitowa daga tafin hannun Malam. Tari biyu. "To jama'a, ku ji fa." Abokan ɗakinsu na Kano suka kwashe da dariya a cikin wayar. Wani tarin, wannan karon har da riƙe ƙirji da faɗuwa gefe. Ladan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, Alhaji ya shiga jan carbi da sauri, kuma yadda babu wanda ya tambaya ko mene ne wannan, shi ya nuna wa Malam cewa ba yau suka fara gani ba.

Malam bai tsayar ba. Wataƙila bai san inda ake tsayarwa ba, wataƙila so ya yi ya gani. Ya kalla har audugar ta zame daga haɓar mai wasan, fuskar Idrisa ta fito fili tana dariya. Da ya ƙare ya cire tabaransa ya duba zaren da ke ɗaure da ƙafar tabaran, ya mayar. Ya miƙo wayar.

"Addu'ar ta kama sosai," in ji shi. "Allah ya yi albarka."

Idrisa ya so ya ce wani abu, ya ce ƙuruciya ce, ya ce tun kafin aure ne, ya ce a yafe masa. Kunya ta rufe shi har bai san yadda ya fito ba, sai a bakin hanya ya lura takalminsa a hannu yake.

A shago ya goge bidiyon, ya goge duk sauran wasannin, aikin da bai kai a sha kofin ruwa ba. Wannan saurin ma ya ƙara masa takaici, don ya san zai iya yin haka tun shekarun baya. Da ya koma gida ya gaya wa Zulaiha komai, don ya san in bai faɗa ba za ta ji a bakin rijiya. Tana tankaɗen garin kunun shan ruwa, ba ta tsaya ba. Ya yi zaton za ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi.

"Kai ba ka san wani abu ba," in ji ta can. "Baba bai san yana tarin nan ba. Mu a gida ba mu taɓa gaya masa ba."

Bai je la'asar a sahun gaba ba kamar kullum. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya, ya yi tunanin ya hau mota ya bi ta kan iyakar Ɗan Barto ya koma Kano kawai. Amma mutane suna jira a Legas, kuma babu wanda ya ce masa kada ya zo. Ya ɗauki sandarsa ya je ya kafa waya, idonsa a kan gilashin don kada ya ɗaga kai.

Mai jan baƙi ya ja aya. Malam ya buɗe baki, ya tsaya, ya haɗiye tarin, sannan ya fassara. Hannayensa biyu suna kan littafi, ya danne su. Haka ya yi ta yi aya bayan aya, muryarsa a shimfiɗe kamar mai karanta sanarwa. Wani wurin tarin yakan kufce masa, sai ya yi sauri ya wuce, ya kalli ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana sa masallaci dariya da kuka, yau yana zaune yana tsoron maƙogwaronsa. Tsofaffin sahun gaba suka riƙa kallon juna. Idrisa ya gwammace a ce Malam ya tsine masa a gaban jama'a, da ya fi masa sauƙi.

Bayan an shafa addu'a mutane suka watse neman abin buɗa baki. Idrisa yana naɗe waya a hankali, yana jiran Malam ya fita, sai ya ji an ce, "Malam Idi."

Ya je ya durƙusa. Ya tattaro duk abin da ya shirya faɗa tun safe.

"Malam, ni dai…"

"Tambaya zan yi maka," in ji Malam, a hankali, babu fushi ko kaɗan a muryarsa. "Wannan na'urar taka, tana iya yanke wani wuri ta bar wani?"

"Tana iyawa, Malam."

"To madalla. Na yi ƙoƙari yau, amma na ji ya suɓuce mini a wasu wurare. Kafin ka aika wa yaran nan, ka bi ka cire tarin. Na jiya ma, in da hali. Karatun nake so su ji."

Idrisa ya kalli tabarma. Ya san babu mutum ɗaya a Legas da zai so a cire, ya san Yunus zai bugo ya tambaya ko jikin Baba ne, ya kuma san ba shi da bakin da zai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

"To, Malam," ya ce.