Gwangwani na Biyar

"Ɗaga shi wajen haske. A'a, juya shi! Kai wai a hakan sana'ar fim kake yi?"

Musaddiƙ ya juya ɗan gutsuren fim ɗin, ya ɗaga shi saitin ƙofar zaure. Bai fi tsawon yatsa ba, hoto uku ne a jiki, duk iri ɗaya: wani tsoho goye da ƙaton agogon bango, tsaye cikin dusar ƙanƙara. Baba Daudu na kwance a katifa, ƙafafunsa sun kumbura suntum, ya zuba masa ido.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Kazaure. Musaddiƙ na da shago a bakin kasuwa inda yake tura wa mutane fina-finai a waya. Baba Daudu kuwa shi ne mai juya injin sinimar garin tun ba a haifi Musaddiƙ ba, har aka rufe ta aka mai da ita ɗakin ajiye taki. Kullum cikin tsiya suke. Tsohon ya ce fina-finan yanzu ƙara ce da wuta kawai, Musaddiƙ ya ce na da sai ka yi barci ka farka mutum bai gama buɗe ƙofa ba. Amma tun da asibiti suka sallamo Baba suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, tsiyar ta daina yi wa Musaddiƙ daɗi.

"Zauna ka ji abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba," in ji Baba.

Shekara arba'in da shida ke nan. Fim ɗin ya zo daga Kano a gwangwani biyar, direba ya sauke huɗu, ya wuce Daura da na biyar. Baba bai ƙirga ba sai da na huɗu ya kusa ƙarewa. Tsohon cikin fim ya yi tafiyar kwanaki zai kai wa 'yarsa agogon mahaifiyarta, ya iso bakin kogi ya tarar yaƙi ya karya gada. A daidai nan allo ya yi fari fat. Mutane suka fara ɗaga benci.

"Sai na haye tebur na ce, 'Ku tsaya! Ni na gan shi a Kano!' Na ce musu tsohon ya ɗora agogon a ka ya tsallake, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Suka yi ta tafi." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ban taɓa ganinsa ba, Musaddiƙu. Ko sunansa ban sani ba, rubutunsu duk ƙugiya-ƙugiya ne. Wannan guntun na yanke ne wajen liƙi. Ba na son in tafi da ƙaryar nan, kuma wallahi ina son in san yadda tsohon nan ya ƙare."

Musaddiƙ ya ɗauki hoton gutsuren da wayarsa, ya saka a wani zaure na masoya tsofaffin fina-finai a intanet. Ashe duniya cike take da irin su Baba Daudu. Wani ya ce wannan ne, wata ta ce a'a wancan ne, kowa na turo nasa. Dole ya zauna ya kalli goma sha ɗaya, baƙi da fari, yana tsaki. A na huɗu tsakin ya tsaya. A na bakwai wani ya zo a tura masa fim ɗin faɗa, ya same shi yana share ido da hula.

Kwana tara ana abu ɗaya. Fatu, 'yar Baba, ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Yaya Musaddiƙ, yau ko kunun bai sha ba." Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga alamar lokaci zai riga shi.

Ran na goma saƙo ya shigo daga wata tsohuwa da ta yi ritaya daga gidan adana fina-finai a wata ƙasa mai duwatsu. Ta ce ta san agogon nan. Ta turo fim ɗin gaba ɗaya.

Musaddiƙ ko shagon bai kulle ba, ya shigo zauren yana haki. "Baba, an samu!"

"Ka kalla?"

"Na kalla ban jira ka ba? Haba, Baba."

"To nemo mini waɗanda suka rage."

Mutum huɗu aka samu a raye cikin 'yan kallon wancan lokaci. Har da Hamma, tsohon makiyayi, da aka ɗauko a babur daga Roni yana ta mitar hanya. Bayan la'asar aka rataya tabarma a ƙofa don a sami duhu, aka ɗora kwamfuta a kan turmi, Fatu ta jingina mahaifinta da matashi biyu. Baba ya faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan, bai rage komai ba.

Hamma ya riƙe haɓa. "Daudu! Ni fa jikokina ma na ba su labarin nan."

"Ka yafe ni."

"Sai na ga ƙarshen tukuna."

Musaddiƙ ya ce akwai fassarar Turanci a ƙasa, zai riƙa karanta musu. Baba ya ɗaga hannu. "Bar ta. Fuska ake karantawa." Shi da kwana biyu ba a jin muryarsa, sai ga shi yana yi musu bayani kamar da, yana cewa ku dubi yadda aka bar hasken a kan hannunsa kaɗai.

Aka iso bakin kogi. Tsohon ya shiga ruwa da agogonsa, ruwa ya maido shi. Ya sake shiga, ruwa ya sake maido shi. Can a ƙetare 'yarsa ta fito tana ɗaga gyale. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya kwance igiyar goyon, ya jingina agogon da dutse, ya wana shi ya gyara masa lokaci, ya shiga ruwan hannu rabbana. Ta tarye shi tun ruwa na gwiwarta.

"Allahu Akbar!" Baba Daudu ya buga katifa da tafin hannu, hawaye na bin kuncinsa, yana dariya. "Sun fi ni! Wallahi sun fi ni! Ajiyewa ya yi! Ni ko a mafarki ban kawo haka ba. Musaddiƙu, ka ga aiki?"

"Na gani, Baba." Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

"Na yafe," in ji Hamma, yana fyace hanci. "Amma naka ya fi saurin ƙarewa."

Ranar Baba ya shanye kofin kunu har ya nemi ƙari. Ya rasu ran Alhamis da hantsi, Fatu na riƙe da hannunsa, bayan ya furta kalmar shahada.

Ran sadakar uku, da jama'a suka ragu, Hamma ya matso kusa da Musaddiƙ a kan tabarma ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, wurin kogin nan, yana cikin wayarka?"

Musaddiƙ ya duba hagu da dama, ya kashe sautin, ya miƙa masa. Tsofaffin huɗu suka haɗa kai a inuwar darbejiya, Hamma ya cire malafarsa ya kare musu rana.