Fijon da Kaka Ta Ƙi Shiga

Ƙwas! Ƙwas! Da wannan ƙara tsohuwar Fijo 504 da Ma'aruf ya sayo ta shigo layinsu a Kankiya. Ya danna hon, ya diro yana washe baki.

"Amarya, fito ki gani! Irin ta marigayi sak!"

Kakarsa Adama ta fito tana dogara sanda. Tun da babur ya kayar da ita ta daina hawan komai. Ta ce in ba Fijo irin ta mijinta ba, ba inda za ta. Ga shi ƙanwarta Lami na kwance ba lafiya a Yashe, ta aiko tana son ganinta yau.

Kaka ta zagaya motar, ta danna gabanta. Ƙwas!

"Maigida, mi ke kuka cikin motar ga? Ta Malam ba ta kuka. Ba ni shiga."

Ma'aruf bai tsaya gardama ba, ya figi motar sai garejin Sadisu a bakin layi. Kaka ta biyo shi da sandarta, wai ta ga ƙarshen ƙarya.

Sadisu ya ɗaga motar da jak, ya faɗa rami, ya girgiza taya. Can ya miƙo wata baƙar roba, ta marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli.

"Bushin ne, robar da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Duk sun mutu! Mai ita na da, gero yake mata lodi ko duwatsu?"

Ma'aruf ya ruga ya sayo sababbi. Sadisu ya buge tsofaffin, ya cusa waɗannan, ya bi bututun burki da yatsa ko yana yoyo, ya jijjiga sitiyari, ya sa aka kunna fitilu. Sai ya sauke motar, ya tsaya riƙe da sufana.

"Ɗaure mana, rana na yi!" in ji Ma'aruf.

"Ba a ɗaure bushin mota tana wofi. Sai da nauyin da za ta ɗauka, in ba haka ba kafin ku kai Yashe robar ta murɗe ta yage. Shiga mazauninka. Saura baya."

Suka waiga. Ranar kasuwa ce, ba kowa a garejin sai Kaka.

"Kada ku kalle ni!"

"Haba amarya, a kashe take fa. Buhu kawai za ki zame mana."

"Buhu? Ni ce buhun, ja'iri?"

Ta dube shi, ta dubi motar, sannan ta tattare zani ta shiga baya, ɓangaren hagu, inda take zama a ta Malam. Ta shafa kujerar. A ƙasa sufana na ta aiki.

Sadisu ya fito yana goge hannu. "An gama! Kaka, sauko mu gwada burki."

"A gwada ina ciki. Ai ni zai tsayar."

Ma'aruf ya tayar, ya ɗan ja, ya taka. Cak! Ya nufi wani rami da ke kan titi da gangan. Motar ta lotsa ta taso luf, ko ƙwas.

Kaka ta ƙwanƙwasa masa sanda a kafaɗa.

"Mi kake jira kuma? Hanyar Yashe, maigida! Lami na can tana duban ƙofa!"