Muryar Yaya a Ɗakin Sanyi

Dogo yana tsugune a bayan injin sanyaya ɗakin, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, don sanyin ɗakin ya fara guduwa. Injin sai wani kuka yake, gurrr-tak, gurrr-tak, manajan ma'ajiyar magunguna kuwa ya tsaya masa a ka.

"Malam, in alluran nan suka lalace, mu da kamfaninku sai dai a gaisa a hanya."

Dogo ya san in haka ta faru, shi za a fara sallama. Yayansa ne ya saba gyara injin nan, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ta ɗauke masa magana. Yanzu gida biyu ne a wuyan Dogo.

Ba don ransa ya so ba ya ciro wayar aiki. Bara kamfani ya kawo wata injiniya ta tsara musu iliminsu wuri ɗaya a cikin wayar: kowane inji dangin wane ne, wane ƙarfe ke cikin wane, wace matsala ke jawo wace. Saboda yawan tambayoyinta suka laƙaba mata Hajiya Tambaya. Dogo in ya hango ta sai ya sauya hanya. Yaya ne ya zauna mata, har ya kafe sai ta ƙara reshe guda, wato kukan inji. "Mu da kunne muke gyara, ƙanwata," in ji shi. Ta yi dariya, ta ƙara, ta kunna masa abin naɗar murya.

Dogo ya zaɓi irin injin, ya danna reshen kukan inji. Sai ga muryar Yaya garau, yana kwaikwayon injin da baki.

"Gurrr-tak. In ka ji haka kar ka wahalar da kanka, ɗan'uwa. Fankar baya ce ta saki."

A ƙasa tsarin ya nuna fankar, da kusar da ke riƙe ta, da sifanar da ta dace. Ya ɗaure kusar. Kukan ya lafa, sanyi ya dawo. Ya sake kunna muryar, ba don gyara ba, hawaye na zubo masa.

"Lafiya, Malam?" in ji manajan.

"Lafiya lau. Godiya ce ta yi min yawa."

Daga nan ofis ya wuce. Injiniyar ta ɗago da mamaki, ganin wanda ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Allah ya saka miki da alheri, Hajiya," ya ce, yana goge baƙin mai a hannunsa. "Kunna abin naki. Ni ma tambaye ni, tun ina da baki."