Bindigar Tsere

Ranar wasannin makarantar Midil, tsohuwa Kulu ta taso tun daga Wurno bisa jaki don ta ga jikanta Halliru, wanda aka ce ba mai kamo shi a lissafi, balle a gudu.

Ba wanda ya gaya mata da bindiga ake sakin 'yan tsere. Yara suka jeru ba takalmi, cikin fararen riguna. Baturen makaranta ya harba sama, suka zuba a guje.

Kulu ta taɓa ganin haka. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, tana yarinya, wanta Mode ya ruga gabanta cikin farar riga, bai kai bakin ganuwa ba harsashi ya same shi a baya.

Halliru ya riga kowa, ya zube rubda ciki yana haki. Ana ta tafi, tsohuwa ta ratsa fili, ta durƙusa, ta ɗage masa riga tana laluben bayansa.

"Kaka, mi kika biɗa? Ai ni nic ci."

Ba ta ji shi ba. Babu jini, sai zufa, amma hannunta bai tsaya ba.

"Mode, tashi," in ji ta. "Nasara sun kusa."