Takalman Ƙofar Hajiya Awabu

Ranar da aka ɗaura wa Hajiya Awabu akwatin nan a ƙarƙashin talabijin, 'yarta Nimatu ta ba shi mako biyu a ranta. Ta san uwarta sarai. Matar da har yau sai an amsa mata kiran bidiyo, ita ce za ta iya da wani sabon rimot mai maɓallai barkatai? Haba!

Aikin dai a baki ba shi da wuya. Wani kamfani ne mai auna abin da mutanen ƙasar ke kallo, yana zaɓar gidaje ya sa musu akwati. Duk wanda ya zauna kallo sai ya danna lambarsa, in ya tashi ya sake dannawa. In baƙo ya zo a shigar da shi, mace ne ko namiji, da kimanin shekarunsa. Tina, Baturiyar da ta zo ɗaurawa, ta ƙare bayani da cewa gidan Hajiya zai tsaya ne a madadin dubban gidaje.

"Dubbai?" in ji Hajiya. "Ni ɗin nan?"

Nimatu ta ga yadda uwarta ta gyara zama. Shekara talatin da ɗaya ke nan da matar nan ta baro Sabon Zongo a Accra ta tare a unguwar Thamesmead da ke London. Ta share ofisoshin mutane har gwiwoyinta suka gaza, ta binne mijinta Malam Abdul-Salam bara waccan, kuma a duk tsawon nan ko launin fentin ƙofarta council, hukumar da ke kula da gidajen, ba su taɓa tambayar ra'ayinta ba. Yau ga wasu sun hau bene hawa shida don su ji abin da take kallo.

"To amana ce ke nan," ta ce, ta karɓi rimot ɗin da hannu biyu.

Mako biyun Nimatu suka wuce, wata uku suka bi bayansu. Wallahi ba a taɓa riƙon na'ura irin wannan ba. In Hajiya za ta leƙa tukunya sai ta danna fita. In waya ta yi ƙara ta juya baya, ta danna. Wata rana gyangyaɗi ya sace ta ana tsakiyar wani shirin girke-girke, da ta farka sai da ta sa Nimatu ta buga wa kamfanin ta gaya musu su cire minti ashirin, don idonta a rufe yake. Nimatu ta yi dariya har da hawaye, amma ta buga.

Wuyar aikin ranar Lahadi take. Tun zamanin Malam, duk Lahadi matan zango na unguwar da na nesa a gidan Hajiya suke yini, a yi tuwon zafi, a yi kitso, talabijin na ta surutunsa. Ko Nimatu, da ke zaune a Tottenham, can wani gefen London, baƙuwa ce a wurin akwatin. Ga shi Hajiya ta taso a gidan da ba a ƙirga mutane. Kakarta ta hana, uwarta ta hana: ba a nuna ɗan Adam da yatsa a ce ɗaya, biyu, kamar awaki, balle baƙon da ya zo cin tuwonka. Tambayar mace shekarunta kuwa, wannan ai neman faɗa ne.

Sai ta samo dabara. Kowa a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi, nata kuma a ɗaki take ajiyewa. Da falo ya cika sai ta lallaɓa soro, ta bi takalman da yatsa, ta tsallake waɗansu baƙaƙe da ke can lungu, ta dawo ta shigar da adadin. Shekaru kuwa a kanta suke. Ta san wadda ta yi goyon wa, ta san wadda aka haifa shekarar da wane ya tafi Makka.

"Ni a 'yan hamsin za ki sa ni," in ji Katumi, aminiyarta, mai bakin da ba ya hutawa.

"Ke da kika riga ni ganin duniya da damina biyu? Ji tsoron Allah, Katumi!"

A farkon Disamba takarda ta zo. Nimatu ce ta karanta, kuma da ta san abin da ke ciki da ta ɓoye ta. Kamfanin ya ce alƙaluman gidan ba sa kama hankali. Duk Lahadi mata goma su bayyana, sai kuma a minti ɗaya duk su ɓace, bayan minti goma su dawo, kuma lokacin ɓacewar yana ta matsawa mako bayan mako. Ko dai akwatin ya lalace, ko wani na wasa da rimot. Za a turo mai dubawa, in ba a gamsu ba a ɗauke akwatin.

Hajiya ta ɗago ta dubi Nimatu.

"Wato ƙarya nake yi."

"Ba haka suka ce ba, Mma."

"Haka suka ce, da ladabi."

Ranar Hajiya ba ta ci abinci ba. Nimatu ta ji haushi ya kama ta, haushin kamfanin da na uwar baki ɗaya. Ta ce, "To ki daina shigar da baƙin mana. Ki danna naki ke kaɗai, kowa ya huta."

Kallon da Hajiya ta yi mata, rabonta da shi tun tana 'yar makaranta.

"In daina sa su, a ce babu su a ƙasar nan? Katumi shekara nawa tana wanke tsofaffin mutane a garin nan? Ta zauna ta kalli abu, a rubuta ba kowa a kujerar? Su ɗauke kayansu in sun ga dama, amma ba da hannuna ba."

Lahadi ta zo da ruwan sama. Tina ta iso wajen ƙarfe uku, jaka a kafaɗa, fuska ba yabo ba fallasa. Ta ga jerin takalma a soro, ta ɗan yi jim, ta tuɓe nata ta jera. Ta gwada wayoyi, ta gwada rimot, komai lafiya lau, abin da ya ƙara tsinka zuciyar Nimatu ke nan, don in akwatin lafiya yake to saura mai dannawa. Katumi ta tura wa Tina kwanon tuwo. Tina ta zauna a gefen kujera tana ci da cokali, idonta ya sauka kan talabijin. Ko minti ɗaya ba a yi ba Hajiya ta ɗauki rimot ta ƙara baƙuwa guda.

"Ni aiki na zo," in ji Tina.

"Na ga idonki," in ji Hajiya. "Kina kallo."

Huɗu saura kaɗan wayar Katumi ta kira sallar magariba, ka san yadda ranar hunturu take gudu a London. Mata suka miƙe, masu alwala suka yi layi, aka shimfiɗa darduma a ɗakin ciki har zuwa soro. Hajiya ta tsaya da rimot ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da kanta, ta bar Tina kaɗai a cikin akwatin. Da Nimatu ta idar ta leƙo, sai ta tarar da Tina ta ɗora takardar alƙaluman kusa da jadawalin salla da ke manne a bango, tana bin su layi layi da biro. Kowace ɓacewa ta faɗa daidai lokacin salla. Kunnuwan Tina sun yi ja.

Nimatu ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji, har ta so ta yi guɗa. Ashe da saura.

Da Tina ta ji yadda ake ƙirgar baƙi, sai ta fita soro ta gwada da kanta. Ta dawo tana duban allon akwatin.

"Baƙi goma sha ɗaya ne a nan, duk mata, har da ni. Takalma kuwa ƙafa goma sha biyu ne, kuma ɗaya na namiji ne." Ta sassauta murya. "Dole in tambaya. In akwai namiji a gidan da ba a yi masa rajista ba, ba zan iya barin akwatin ba."

Matan duk suka juyo suna duban Hajiya. Nimatu ta san takalman. Baƙaƙe ne, masu igiya, waɗanda babanta ya tuɓe ranar Juma'ar da ya dawo masallaci ya ce ƙirjinsa na masa nauyi. Sau uku tana roƙon uwarta ta bayar da su sadaka, sau uku ana ce mata ta bari tukuna. Ta buɗe baki za ta amsa, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Na maigidana ne," ta ce da Turancinta da ta koya a wurin shara da cikin bas, a hankali. "Ya rasu kafin ku zo. Kujerar da kike kai, tasa ce. Kullum in aka fara labaran ƙarfe shida sai in ji kamar yana nan, har in ji tsakin da yake ja. Sau nawa yatsana ya je kan maɓallin nan, namiji, shekara saba'in. Ba wanda zai sani." Ta ajiye rimot ɗin a cinyarta. "Amma kun ce a danna wa mai kallo. Shi ba ya kallo."

Tina ta sunkuya kan takardarta. Ta rubuta layi biyu, ta mayar da sukundirebanta cikin jaka, ta zuge, ta bar akwatin a wurinsa. A bakin ƙofa ta riƙe hannun Hajiya ta ce za ta so a ce duk gidajen da take dubawa haka suke.

Nimatu ta raka ta har lif, na'urar sauka daga bene. Da ta dawo ta tsaya a soro ita kaɗai, tana jin Katumi a ciki tana cewa ai ita tun farko ta san Baturiyar nan 'yar halak ce. Ta dubi takalman babanta. Sai yau ta lura ba ƙura a kansu ko kaɗan, suna sheƙi kamar jiya aka goge. Kunya ta kama ta, da wani irin alfahari da uwarta da ba ta taɓa jin kamarsa ba. Garin fita Tina ta ɗan ture ƙafa ɗaya. Nimatu ta durƙusa ta mayar da ita kusa da 'yar'uwarta.

"Nimatu!" Hajiya ta ƙwala daga falo. "Kin shigo ko kina waje? In san abin da zan danna."